Shin rumman da gwaiba za su rayu a fili a arewacin Jamus?

Abdullahi, Hamburg

Assalamu alaikum. Mai gidan da nake haya ya yarje mini in yi shuka a ɗan filin da ke bayan gida, kuma ina son in dasa rumman da gwaiba a ƙasa kai tsaye, domin ba ni da inda zan riƙa shigar da tukwane idan sanyi ya kama. Hunturunmu yakan kai digiri 10 ƙasa da sifili a wasu shekaru. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gwadawa.

Malam Haruna, Toronto

Wa alaikumus salam, Malam Abdullahi. Gwaiba dai ka cire ta daga lissafi, domin dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya ƙone mata ganye da rassa. Rumman ya fi ta juriya nesa ba kusa ba, saboda asalinsa daga yankin Iran ne zuwa arewacin Indiya, inda ake yin sanyi mai tsanani, kuma yakan zubar da ganye ya huta har yanayi ya juyo. Irin da aka saba gani yakan jure sanyin da ya kai kusan digiri 12 ƙasa da sifili, yayin da irinsu Salavatski da Kazake, waɗanda aka samo daga ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka fi haka juriya. Sai dai abin da ya fi damuna game da Hamburg shi ne ƙarancin zafi. Rumman yana bukatar wata biyar ko fiye na rana mai ƙarfi daga fure zuwa nuna, alhali zafin watan Yuli a wajenku, a matsakaici, bai kai digiri 25 ba. Itacen zai rayu, zai yi jan furensa mai kyau, amma da wuya 'ya'yan su yi zaƙi kafin Oktoba ta shigo da sanyi.

Hajiya Binta, Landan

Na yarda da bayanin Malam Haruna, kuma shi ya sa nake ganin ɓaure ya fi dacewa da kai. Irin da ake kira Brown Turkey yana nuna a fili a nan Ingila, matuƙar an dasa shi a jikin bango mai fuskantar kudu, wanda zai sha rana da yini ya mayar wa itacen ɗumi da dare. A haƙa rami mai faɗin kamar santimita 60, a jera falalen siminti a gefunansa, a zuba tsakuwa a ƙasa, domin idan aka bar saiwar ta yi yawo, ganye kawai itacen zai riƙa yi. A ƙarshen kaka za ka ga 'ya'ya iri biyu a reshe: manya kore waɗanda ba su nuna ba, da ƙanana kamar ƙwayar wake a kusa da kan reshe. Ka tsinke manyan, ka bar ƙananan, domin su ne za su ƙetare hunturu su nuna a Agusta ko Satumba.

Malam Haruna, Toronto

Hajiya ta kawo maganar tsakuwa, kuma tana da muhimmanci ga rumman ma, domin ƙasa mai riƙe ruwa a lokacin sanyi ta fi ƙanƙara saurin ruɓar da saiwa. A shekaru ukun farko ka tara busasshen ganye a gindin itacen, ka naɗe rassan da buhun algarara, amma kada leda ta taɓa su, saboda gumin da take tarawa. Italiyawan da suka zauna a New York da nan Toronto har kwantar da ɓaurensu suke yi a cikin rami su rufe da ƙasa, su tono shi a watan Afrilu, ko da yake sanyin Hamburg bai kai a yi haka ba.

Abdullahi, Hamburg

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bangon kudu ɗaya ne gare ni, don haka ɓaure zan ba shi, rumman kuma in nema masa kusurwar da iska ba ta bugawa. Zan jira tsakiyar watan Mayu kafin in dasa, lokacin da ƙanƙarar dare ta wuce.