Yaro ya sha maganin maleriya har sau biyu bai warke ba: yaushe za a yi zargin sankarar jini?

Sista, Daura:
Assalamu alaikum. Da damina kusan duk yaron da aka kawo da zazzaɓi sai gwaji ya nuna maleriya. To idan ɗan shekara 3 ya gama maganinsa na kwana 3, zazzaɓi ya dawo, ya ɗashe, ga ɗingishi, me zai sa a daina cewa taifod ce ko sikila a fara tunanin sankarar jini?

Likitan Yara, Katsina:
Wa'alaikumus salam Sista. Gwajin maleriya ya nuna akwai ba ya nufin ita kaɗai ce. Sankarar jini a ɓargo take, tana cunkushe shi har ya kasa yin aikinsa uku. Jajayen ƙwayoyin jini su ragu, yaro ya ɗashe, ya riƙa haki. Fararen su lalace, sai zazzaɓi da ciwuka kan ciwuka. Masu tsayar da jini su yi ƙasa, sai haɓo, jinin dasashi, da tabo baƙi a inda bai bugu ba. Alama ɗaya ba ta cika nufin komai ba. Haɗuwar biyu ko uku ce abin tsoro. A cikin yara, ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5.

Ki tuɓe shi duka ki duba. Ɗigo-ɗigon jini ba ya fita sosai a baƙar fata, sai ki leƙa cikin fatar ido da ganɗa. Ki taɓa wuya, hammata da matsematsi: kaluluwa mai tauri, marar zafi, wadda ta wuce mako biyu tana ƙaruwa, ba ta ƙurji ba ce. Ki laluba saifa da hanta ki ji ko sun kumbura.

Batun sikila kuwa, ta kan nuna kanta tun yaro yana jariri, da kumburin hannu da ƙafa da rawayar ido. Yaron da bai taɓa irin wannan ba, kwatsam ciwon ƙashi yana tayar da shi cikin dare, har ya ƙi taka ƙasa, kada a ce amosani ne a wuce.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ƙari kan bayanin Likita: PCV, wato awon yawan jini, ita kaɗai ba ta isa ba, jajayen ƙwayoyi kawai take aunawa. A rubuta FBC, wato gwajin da ke ƙirga dukkan ƙwayoyin jini, a kuma shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita. Kada fararen ƙwayoyi su ruɗe ki, suna iya hawa, suna iya sauka, suna iya zama daidai. Maleriya ma tana sauke masu tsayar da jini ƙasa da 150,000, amma suna farfaɗowa bayan magani. Idan an maimaita bayan mako ɗaya ko biyu suna nan ƙasa, a tura shi babban asibiti. Kuma a ɗebi jinin gwaji kafin ƙarin jini, ba bayansa ba. Gwajin ɓargo ne ke yanke hukunci.

Mai harhaɗa magunguna:
Inda ake ɓata lamarin shi ne kemis. Magungunan rage kumburi irin su prednisolone da dexamethasone, in aka ba yaro, suna kashe wani ɓangare na ƙwayoyin cutar, yaro ya miƙe kwana biyu, iyaye su yi hamdala, gwaji ya fito a dagule, sannan ta dawo da ƙarfi. Asfirin da ibuprofen kuma suna ƙara zubar jini. Parasitamol kawai, gwargwadon nauyinsa.

Likitan Yara, Katsina:
Haka ne. Sista, ki rubuta a takardar turawa duk maganin da ya sha da ranakunsa, su zo Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In akwai zubar jini, wahalar numfashi ko zazzaɓi mai zafi, ranar za su taso.