Kafaɗa tana zamewa, ƙasa kuma ya kama: ta ina zan fara gyaran fatan?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ɗinki da fatan ɗin takarda, wato zanen sassan riga da ake ɗorawa a kan yadi a yanka, ku taimaka min. Na sayi na doguwar riga ta intanet, na kamfanin Simplicity, na buga na liƙa, na gwada a wani yadi mai araha. Awona a inci: ƙirji 43, ƙugu 36, mazaunai 48. Na duba jadawalinsu na ɗauki lamba 22 don ƙirjin ya shiga. To kafaɗa tana zamowa har kan damtse, wuya ya buɗe, hammata ta yi zurfi, gaban rigar ya ɗage, ga shi kuma ta kama ni a mazaunai. Atamfar da zan yanka ankon bikin ƙanwata ce, turmi ɗaya tak gare ni. Ta ina zan fara?

Hajiyar Fagge: Wa alaikumus salam. Ke kuwa me ya kai ki wahalar takarda? Ga tef ga alli. Raba ƙirji huɗu, raba ƙugu huɗu, raba mazaunai huɗu, ki zana a jikin atamfar ki ƙara na ɗinki ki yanka. Mu haka aka koya mana, kuma har yau ba wadda ta dawo min da kaya.

Malamar Ɗinki: Wa alaikumus salam Maman Biyu. Hajiya, yankan kai-tsaye yana da kyau ga hannun da ya saba, amma ita da take da turmi ɗaya gara ta yi kuskurenta a takarda. Maman Biyu, kafin komai ki ba ni awo ɗaya da ba ki kawo ba. Zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, ya bi ta saman ƙirji, ba ta kan tudun ba. Ki sa rigar maman da za ki sa ranar bikin, ki tsaya daidai, kada ki riƙe numfashi.

Maman Biyu: Na auna Malama, 38 ne.

Malamar Ɗinki: To ga matsalar nan ta fito. Simplicity da McCall's da Butterick galibi suna zana rigunansu ne a kan macen da tsakanin saman ƙirjinta da cikar ƙirjin bai wuce inci 2 ba. Ke naki bambancin 5 ne. Da kika ɗauki 22, kin ɗauko kafaɗa da wuya da hammatar mace mai faɗin ƙashi, alhali ke ƙashinki na mai lamba 18 ne. Lissafin: 38 a ƙara 2 ya zama 40, kuma 40 a jadawalinsu lamba 18 ke nan, mai ƙugu 32 da mazaunai 42. Ki koma ki yanko 18. Kafaɗa da wuya su ne suka fi wuyar gyara, shi ya sa ake zaɓar lambar da ta zauna a can, sauran a buɗa.

Amaryar Bana: Malama lamba 18? Ni fa a kayan kanti 12 nake sawa, ranar da fatan ya ce min 16 sai da gabana ya faɗi 😂

Malamar Ɗinki: Amarya ki kwantar da hankalinki, lambar fatan daban ta kanti daban. Tef ake bi.

Maman Biyu, yanzu gaban rigar. Kina bukatar ƙarin inci 3 a ƙirji, takardar gaba kuma rabin jiki ce, don haka inci 1 da rabi za ki buɗa. Ɗora takardar a jikinki ki sa alama a daidai tsinin ƙirji. Ja layi daga ƙasan riga ya hau miƙe zuwa alamar, daga nan ya karkata zuwa ramin hannu, wajen kashi ɗaya cikin uku daga hammata. Ja layi na biyu daga gefe, ya ratsa tsakiyar dat ɗin, wato tsukin nan na gefen ƙirji, zuwa alamar. Yanka na farko tun daga ƙasa, amma ki bar ɗan ƙiris a ramin hannu ya riƙe. Yanka na biyu daga gefe, shi ma ki bar ƙiris a wajen alamar. Sai ki ja ɓangaren gefe waje har ratar ta kai inci 1 da rabi, kuma ta tafi daidai wa daida tun daga alamar har ƙasa. Za ki ga bakin dat ya buɗe da kansa, ɓangaren gefe kuma ya fi na tsakiya sauka. Yanka na tsakiyar a kwance ki sauke shi su daidaita. Wannan tsawon da ya ƙaru shi ne maganin ɗagewar gaban da kika gani. Liƙa takarda a ƙarƙashi, ki sake zana dat ɗin, ƙarshensa ya tsaya kamar inci 1 da rabi kafin tsinin ƙirji. In ya kai har kai, sai rigar ta yi tsini a wurin.

Hajiyar Fagge: Duk wannan yanke-yanken kafin a taɓa atamfa? Ni da tuni na gama riga na hau siket.

Anti Mai Keke: Hajiya ai ke idonki tef ne. Amma ki faɗi gaskiya, raba huɗu yana ba gaba da baya faɗi ɗaya, mace mai cikar ƙirji kuwa gabanta ya fi bayanta. Shi ya sa za ki ga ɗinkin gefe ya gudo gaba, bayan riga kuma ya yi jaka.

Hajiyar Fagge: Ai ina ƙara wa gaba inci guda in rage wa baya, in kuma sauke gaban. Ba a faɗa ne kawai, hannu ne ke yi.

Anti Mai Keke: To kin ga abu ɗaya kuke yi da Malama, ita dai ta rubuta nata a takarda ne.

Maman Biyu, abin da zan ja miki kunne a kai: kada ki ƙara wa mazaunai sau biyu. In rigar ba ta da yanka a ƙugu, ratar nan da kika buɗa ta sauka har ƙasa, ta riga ta ba ki inci 3 a ƙugu da mazaunai. Ƙugu ya tashi daga 32 zuwa 35, saura inci 1. Mazaunai daga 42 zuwa 45, saura 3. Kuma wannan ukun ni da zan ba ki shawara, mafi yawansa a takardar baya za ki sa, don a can ake bukatarsa. Ki fara fitar da layin a hankali daga ƙugu, kada ya yi kwana kamar an ɗora kunnen tulu. In kin gwada kika ga ƙyalle ya tattare a kwance a bayan ƙugu, tsuke shi da fil, ki auna abin da kika tsuke, yawanci rabin inci ne zuwa uku bisa huɗu, ki naɗe daidai wannan a tsakiyar bayan takardar ya ƙare a sifili a gefe.

Ɗalibar Zariya: Anti Maman Biyu, a ina kika buga fatan ɗin? Na tambaya ne don na Amurka da yawa an tsara su a takardar Letter, mu kuma A4 muke da ita. A4 faɗinta milimita 210, waccan 216. In mai shagon ya bar kwamfuta ta matse shafin ya shiga, komai zai ragu da kusan kashi 3 cikin ɗari. A riga mai zagayen inci 44 kin yi asarar fiye da inci guda ba ki sani ba. Ki ce masa ya sa kashi 100, ya fara buga shafin da ke da ɗan murabba'in gwaji shi kaɗai, ki ɗora ruler a kai tun kina shagon.

Maman Biyu: Kai! Ban ma lura da murabba'in ba. Bari in duba. ... Ya cika daidai, alhamdu lillahi.

'Yar Damagaram: Sannunku da aiki. Mu nan da santimita muke awo, kuma mujallar Burda ta Jamus ita ta fi zuwa hannuna, ta Faransanci. Duk wadda za ta kwafa daga cikinta ta sani ba su sa rarar ɗinki a zanen ba, ke za ki ƙara da kanki, 1.5 a gefuna, 3 ko 4 a kalmasa. Na su Simplicity kuwa da rararsa a ciki, biyar bisa takwas na inci, wanda shi ne dai kusan santimita 1.5 ɗin. In kika saba da ɗaya kika koma ɗaya ba ki duba ba, ko riga ta yi miki buhu ko ta ƙi shiga. Kuma Burda a kan mace mai tsayin santimita 168 suke zanawa, gajeru irina sai mun naɗe tsakanin ƙirji da ƙugu.

Wani abu kuma, ku binciki tef ɗinku. Akwai waɗanda ke zuwa kyauta cikin kayan ɗinki daga Sin, gefe ɗaya santimita, ɗaya gefen sai ki ɗauka inci ne, alhali awonsu ne na can, kowane ɗaya santimita 3.3. Inci na gaskiya 2.54 ne. Ki juya tef ɗin, in lamba 10 ba ta faɗa kan 25.4 ba, ajiye shi.

Amaryar Bana: Innalillahi, nawa 10 ɗin a kan 33 ya faɗa! Shi ya sa duk awon da na tura wa tela sai ya kira ni ya ce in sake.

Uwargida: Ni maganar atamfar zan yi, don nan ake kuka. Turmi yadi 6 ne, faɗinsa kuma inci 45 zuwa 48 gwargwadon kamfani. Fatan ɗin Turawa yana so ki shimfiɗa tsawon riga ya bi bakin yadi. Amma atamfofi da yawa zanensu yana tsaye ne in an ɗaura su zani, wato ta faɗi. In kika bi kibiyar da ke nuna hakan a takardar ido rufe, sai ki ga furanni ko tsuntsaye sun kwanta a gicciye a jikinki. In kuma kika bi zanen, faɗin ba zai kai daga kafaɗa zuwa idon sawu ba, tunda yawancinmu muna bukatar 55 zuwa sama. Mafita biyu ce: ko ki raba rigar a ƙugu, ko ki yi mata ƙari a ƙasa. Ki tsaya gaban madubi ki yafa atamfar ta duka fuskokin biyu kafin ki yanke shawara. Kuma ki fara cire ɗankwalinki ki ajiye gefe, don in kika bari sai ƙarshe da ƙyallaye za ki tashi. Babban fure kuma kada ya faɗo a kan tsinin ƙirji ko tsakiyar mazaunai, matsar da takardar ko da za ki yi asarar ɗan yadi.

Maman Biyu: Uwargida Allah ya saka da alheri, tawa mai ganye ce kuma duk sama suke kallo. In wanke ta kafin in yanka?

Uwargida: Atamfa auduga ce, tana ɗan shiga in ta sha ruwa, musamman mai araha mai yawan sitaci. Tunda rigar mai bin jiki ce, jiƙa ta a ruwan sanyi, shanya a inuwa, ki goge ta ta ciki. Shafin da za ki sa ma haka.

Hajiyar Fagge: Anko dai ba a wanke shi kafin biki, sai taki ta fita daban a hoto. Bar mata rarar inci guda a kowane gefe, in ta shiga bayan wanki ki farke ki buɗa. Shadda kuwa kada ma wadda ta kuskura, in ta rasa ƙyallinta sai an kai wa masu bugu.

Uwargida: To wannan ma magana ce Hajiya, na anko ban ja ba.

Malamar Ɗinki: Na yarda da rarar inci gudan. Amma kafin atamfa, a sake gwaji ɗaya a akoko ko tsohon zanin gado, iya daga kafaɗa zuwa ƙasan mazaunai ya isa. Kada ki gwada a yadi mai talewa ko mai santsi, zai ɓoye miki laifin. Ki sa zif ɗin da dogon ɗinki, ki ɗaura hannu ɗaya aƙalla. Gyaran kuma daga sama ake fara shi: kafaɗa, wuya, ƙirji, ƙugu, sannan ƙasa, don duk abin da kika taɓa a kafaɗa sai ya motsa na ƙasansa. A jikin rigar gwajin, layin da ya ja a miƙe yana nuna inda ya matse, wanda ya saki ya yi lanƙwasa kuma yadi ne ya yi yawa.

Anti Mai Keke: Kuma ba tsayuwa gaban madubi kawai ba. Zauna a kujera, zauna a tabarma, yi ruku'u, ɗaga ƙafa kamar za ki shiga adaidaita sahu. Sannan ki naɗe hannun rigar ki gani ko zai wuce gwiwar hannu, don fatan ɗin can ba ruwansu da alwala. Tunda kin sauko lamba 18, ina kyautata zaton damtsen zai kama ki. Auna damtsenki, ki auna takardar hannun a daidai hammata ban da rarar ɗinki, ya kamata ta fi ki da inci 1 da rabi zuwa 2. In ba ta kai ba, tsaga ta a tsaye ta tsakiya da kuma a kwance a layin hammata, ki bar gefuna a riƙe, ki buɗa tsakiyar. Haka zagayen kan hannun ba zai canja ba, zai shiga raminsa lafiya.

Amaryar Bana: Anti ni kuma tsawo nake ƙarawa kullum. A ƙasa kawai zan ƙara?

Anti Mai Keke: In siket ɗin miƙaƙƙe ne, eh. In mai buɗewa ne kuma kika ci gaba da layin gefe, ƙasan zai yi faɗin da atamfar ba za ta ɗauka ba. Yanka a layin da suka zana na ƙari, ki raba, ki haɗe gefen da ruler. Miƙaƙƙe har idon sawu kuma sai da tsaga ko ninki a baya, in ba haka ba tafiya za ta gagare ki.

Ɗalibar Zariya: Wace takarda kuke kwafa a kai? Ta A4 ɗin da na liƙa duk ta yayyage.

Uwargida: Takardar nan ruwan ƙasa da ake naɗe littattafan yara, masu kayan makaranta suna sayar da ita. In fatan ya zauna miki sosai, goga masa gam ɗin da ake ƙarfafa kwala da shi a baya, zai yi shekaru. Rubuta awonki da kwanan wata a jiki, don jiki yana canjawa, balle mai goyo.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goyon ma ina yi, 'yan biyun ba su isa yaye ba. Zif ɗin fatan ɗin a baya yake, in na mayar da shi gaba me zan canja?

Malamar Ɗinki: Gaban da aka ce ki yanka a ninke, yanka shi biyu, ki ƙara rarar ɗinki a tsakiya, ki goga siririn gam a wurin don kada zif ɗin ya yi igiyar ruwa. Bayan kuma cire rararsa ki yanka a ninke, sai dai in tsakiyar bayan tana da lanƙwasa ko kin yi naɗin da Anti ta faɗa, to bar ɗinkin a wurin ki rufe shi kawai. Zif ɗin ya sauka ya wuce ƙugu, in ba haka ba rigar ba za ta shiga ta kafaɗa ba. In kin haɗa na akokon ki turo hoton gaba, baya da gefe, hannuwa a sake, mu duba hammatar.

Hajiyar Fagge: Ki sayi zif biyu, na kasuwar yanzu ba a yarda da su ba.