Wai takin zamani ne ya gajiyar da ƙasar lambu a Kano?

Malam Nasiru: Jama'a, ni dai ina kan bakata. Takin zamani da maganin feshi ne suka gajiyar da ƙasarmu. Iyayenmu da kashin dabbobi da sharar birni suka riƙe gonakin kewayen Kano, jakuna na kai musu, ana noma duk shekara ƙasa ba ta gaza ba.

Baba Audu: Malam, sharar da can ba ita ce ta yau ba. Da toka ce da kashin awaki. Yanzu juji leda ce da batir da fasassun kwalabe. Wanda ya zuba wannan a lambu bai taimaki ƙasa ba.

Hajiya Binta: Ku gafarce ni, kun bar jaki kuna dukan taiki. Ruwan fa? Masu lambu a bakin rafukan Jakara da Getsi da ruwan kwata suke ban ruwa, Getsi kuma na ɗauko dattin masana'antun Bompai. Masu jimar fata na zamani da sinadarin kuromiyam, wani nau'in ƙarfe, suke aiki. Idan irin wannan ƙarfe ya shiga jikin alayyafo ko latas, wanki ba ya fitar da shi, ko da takin gargajiya aka noma shi. Abin nan yana damuna, 'ya'yanmu ne ke ci.

Ummi: Haka ne Hajiya, amma Malam ma da gaskiyarsa. Yuriya, wani nau'in takin zamani, idan ta yi yawa tana sa ƙasa tsami, ragowar ta bi ruwa ta gangara rafi da rijiya. Feshi barkatai kuma yana kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye tsutsa.

Baba Audu: 'Yata, na yarda feshi ba ya maganin komai. A 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta afka wa tumatir a Kadawa da Kura, an yi ta feshi, ita kuwa tana cikin ganye. Amma in aka ce a bar buhun taki gaba ɗaya, amfani zai ragu, a sare daji a ƙara gona, kwandon kayan lambu ya yi tsada a kasuwar 'Yankaba.

Malam Nasiru: To Baba, a rage, a haɗa da ruɓaɓɓen taki, a riƙa juya shuka da wake, a gwada ruwan darbejiya.

Hajiya Binta: Duk na ji. Amma wa zai tilasta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi?