Wanda ya karanta White Noise ya zo ya fahimtar da ni don Allah

Ɗiyar Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wanda ya taɓa karanta White Noise na Don DeLillo a nan? Littafin Amurka ne da ya fito a 1985, malaminmu na adabi ya sa shi cikin waɗanda za mu yi jarabawa a kansu, kuma yadda ya dinga yabonsa a aji na ɗauka in na fara ba zan iya ajiyewa ba, to wallahi da ƙyar na kai ƙarshe. Wani mutum ne Jack, farfesa a wata kwaleji, wai fanninsa nazarin Hitila amma ko Jamusanci bai iya ba, a ɓoye yake zuwa koyo. Shi da matarsa Babette kowa ya yi aure-aure kafin su haɗu, yara huɗu a gidan babu ko ɗaya da suka haifa tare. Babi ashirin na farko ba abin da ake yi sai zuwa kanti, kallon talabijin, da gardama a mota kan abin da ba wanda ya sani. Sai kana cikin karatu kawai ka ga an jefo sunan wani kaya ko maganar talla, ba gaba ba baya. Tambayata ita ce, shi marubucin nan aure da iyali yake wa dariya ne ko kuwa? Kuma me ya sa har aka ba shi babbar kyautar littattafai ta Amurka a shekarar? Ni dai raina bai so yadda ya mayar da uba kamar wawa a gidansa ba.

Malam na Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta shi, kuma ni ina cikin masu ganin ya cancanci yabon, amma na fahimci inda ya gundure ki. Mun saba da labarin da ke da mafari da tsakiya da ƙarshe, mugu ya ga sakayya, mai haƙuri ya dafa dutse. Wannan salon da malamai ke kira posmodan da gangan yake ƙin bin wannan hanyar, saboda abin da yake son nunawa shi ne rayuwar da kanta ta zama gutsi-gutsi. Waɗannan maganganun tallan da kika ce ana jefowa, talabijin ce da rediyo suke magana a cikin gidan, marubucin ya ba su baki kamar su ma 'yan gida ne, don a gaskiya sun fi uban yin magana da yaran.

Ki koma wurin da Jack ya zauna kusa da 'yarsa Steffie tana barci a sansanin da aka kwashe su aka kai bayan iskar guba ta tashi a garinsu, ya ji tana motsa baki, ya kasa kunne yana tsammanin wata magana mai nauyi, ashe sunan mota take maimaitawa, Toyota Celica. Ni wurin nan bai ba ni dariya ba, jikina ne ya yi sanyi, domin ɗana ɗan shekara biyar ya haddace waƙar tallan wani kamfanin waya tun kafin ya riƙe Ƙulhuwallahu da kyau, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Sai gardamar cikin mota. Kowa na kawo bayani da cikakken ƙarfin gwiwa kuma duk kuskure ne, wannan ya gyara ma wancan da wani kuskuren. Shin ba haka guruf ɗin WhatsApp na kowane dangi yake ba? Ku tuna watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da tsakar dare aka dinga tada mutane a waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, waye ya kira ki? Ba baƙo ba ne, gwaggo ce ko yaya ko kawu, don suna son ki suka kira ki, kuma har rai aka rasa. Abin da mutumin nan ya gani ke nan tun 1985 babu intanet a gidaje. Ba ya tsanar iyali, ki lura Jack na shiga ɗakin yaran da dare ya tsaya yana kallonsu suna barci, son da yake musu na gaske ne. Abin da ake wa dariyar shi ne abin da ya shigo gidan ya ƙwace tarbiyya a hannun iyaye.

Ɗan Anka:
Malam da girmamawa, ni ban yarda da kai ba sai rabi. Na karanta wanga littafi, kashi na biyu shi ne ya tsaya mani a rai, inda tankin jirgin ƙasa ya fashe gubar ta tashi sama kamar hadari anka ce kowa ya bar gari. Kafin su tashi Jack shina gaya ma iyalinsa su kwantar da hankali, wai irin wanga bala'i talakawa yake samu, shi farfesa ne, ba a ganin irinsa a talabijin ambaliya ta ci gidansa. Na san marubucin gori yake masa. Amma ni da na fito daga inda gubar ta shiga da gaske sai na kasa yin dariyar.

A 2010 mu nan Zamfara gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Yargalma, Bagega. Mu babu hadari baƙi da anka gani a sama, babu jiniya, babu rediyo da ke sanar da alamomi. Dutsen zinari ne maza ke kawowa gida a buhu, a niƙa a tsakar gida, mata su daka, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta kwanta a ƙasa inda yaro ke rarrafe shina sa hannu a baki. Yaro ya fara jijjiga a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau ko iska, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zo sunka ga ƙananan kaburbura sun yi yawa kafin a gano. Daga baya sai da anka kankare ƙasar tsakar gidaje anka zubo sabuwa, Bagega ma ba a yi nata ba sai 2013. To a littafin, Jack minti biyu da rabi ya yi a waje shina zuba mai a mota, shi ke nan sauran littafin duka ya tafi a kan fargabarsa, alhali ko ciwon kai bai yi ba. Fargabar mai ƙoshi ce. Mutanen da ba su rasa abinci ba, ba su rasa asibiti ba, sunka zauna suna ƙirƙiro ma kansu tsoro.

Wuri ɗaya na yarda ya faɗi gaskiya har ta taɓa ni. Bayan an kwashe su zuwa wani gari, akwai mutumin da ya ɗauko ƙaramar talabijin shina zagayawa da ita cikin mutane shina faɗa, wai duk wahalar da munka sha ba a nuna mu a labarai ba, ko ba mu kai ba ne? Wallahi na ji wannan maganar da kunnena a bakin mutanen da 'yan bindiga sunka kora daga ƙauyensu, ba abinci sunka fara tambaya ba, cewa sunka yi shin duniya ta ji kuwa.

Uwar Biyu, Argungu:
Ni kuma ta wajen matar zan shigo don na ga duk kun tsallake ta. Ɗiyar Gusau kin ce an mayar da uba wawa, to uwar fa? Babette tana dafa abinci, tana koyar da tsofaffi yadda za su zauna su miƙe daidai, tana zuwa karanta ma wani tsoho makaho jarida, kowa na ganin ita ce mai lafiya a gidan, mijin ma ya jingina da ita yana cewa ita ba ta da ɓoye-ɓoye, ashe tsoron mutuwa ya cinye ta har ta ba da kanta ga wani mutum don ya ba ta ƙwayar Dylar da wai ke cire wannan tsoron. Abin ya ɓata min rai sosai kuma ban ce ta yi daidai ba, Allah ya tsare mu. Amma wa ya gano? Ba mijin ba. Denise ce, yarinya 'yar shekara 11, ita ta lura uwar ta fara mantuwa, ita ta ga kwalbar, ita ta dinga duba littafin magunguna ba ta samu sunan ba. Wannan kam haka yake a gidajenmu, yara sun san komai, uban ne na ƙarshe da ke ji.

Kuma Ɗan Anka ka yi haƙuri yayana, Allah ya jiƙan yaran nan, amma ban yarda cewa damuwar da ba ta yunwa ba ce ba damuwa ba ce. Lokacin da BBC suka fito da binciken kodin a 2018 har gwamnati ta hana sirof ɗin, ai ba 'yan tasha kaɗai aka samu suna sha ba, har da matan aure a cikin gidaje masu geti. Na san wata baiwar Allah, ba ta rasa komai ba, firiza cike, amma kwalaben suna ɓoye a ƙasan akwatin lefenta cikin atamfofin da ba ta ɗinka ba, kuma 'yarta ce ta gani ta gaya ma kakarta. Da aka tambaye ta cewa ta yi in ba ta sha ba tunani ba ya barinta ta yi barci. Mijin shekara nawa suna ɗaki ɗaya bai sani ba, shi yana kan wayarsa ita tana kan tata.

Abin da na so kuma, yadda yaran suke agololi da 'yan uba amma ba a mayar da shi abin faɗa ba. Da a littattafanmu ne da tuni an shiga wajen boka.

Bakatsinen Yauri:
Ni fa gaskiya ina bayan mai tambaya. Matsalata da littafin ba ma'anarsa ba ce, mutanen ne. Kowa magana iri ɗaya yake yi. Yaro ɗan shekara 14, Heinrich, uban ya ce ana ruwa ga shi a gilashin mota, ya tsaya yana gardama wai rediyo ta ce sai dare, kuma me ya tabbatar ido ba ya ƙarya, shafi guda ana abu ɗaya. Yaro, uba, abokin uban Murray, duk bakin marubucin ne, ba ka jin wani ya zama mutum mai jini a jika da za ka tausaya masa. In ana so a ga an fallasa maigida, a karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ka ga yadda Alhaji ya kori Rabi da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, za ka ji haushi ka ji tausayi ka kwana da abin. Wancan kuwa ka gama ka rufe kamar ka fito daga lacca.

Ɗiyar Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Ɗan Anka maganarka ta sa ni hawaye wallahi. Anti Uwar Biyu ban taɓa kallon Denise haka ba sai yanzu. Amma Malam har yanzu ƙarshen ne ban gane ba, Jack ya je ya harbi mutumin da ya ba Babette ƙwayar, kuma shi ya ɗauke shi ya kai asibiti, sai ga ƙaramin yaron ya tsallaka babban titi da kekensa motoci na gudu, sai kuma a koma kanti wai an sauya wa kaya wuri mutane sun rikice, shi ke nan littafi ya ƙare. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce sun rabu da matar ba, ba a kama shi ba. In an tambaye ni a jarabawa me zan ce?

Malam na Birnin Kebbi:
Ki riƙe wurin asibitin da kyau ƙanwata, nan ne zuciyar littafin a ganina. Asibitin na mata masu hidimar coci ne, Jamusawa, Jack ya tambayi ɗaya game da aljanna yana so ta kwantar masa da hankali, sai ta gaya masa su kansu ba su yi imani ba, suna nunawa ne kawai saboda irinsa su samu natsuwa cewa akwai wasu da suka yi imani a madadinsu. Ya nemi maganin tsoron mutuwa a wajen Hitila, a kanti, a kwamfutar likita, a ƙwaya, a bindigar da surukinsa ya ba shi, har a addinin da yake so wani ya riƙe masa, duk bai samu ba, shi ya sa marubucin bai rufe labarin ba, don mutumin bai samu mafita ba. Mu da aka taso ana kai mu jana'iza tun muna yara, ana wanke gawa a cikin gida, dole abin ya zo mana baƙo, kuma kina da damar rubuta hakan a jarabawar in dai kin kawo hujja daga cikin littafin.

Bakatsine ka yi gaskiya kan muryoyin, masu sharhi da yawa sun yi wannan ƙorafin, ni dai ina ganin da gangan ne tunda duk talabijin ɗaya ta raine su. Ɗan Anka kuma ka sani littafin ya fito ne makonni kaɗan bayan iskar guba ta kashe dubban mutane a Bhopal ta Indiya a Disambar 1984, mafi yawansu talakawan da ke zaune a gefen masana'antar. Sannan a Fabrairun 2023 jirgin ƙasa ɗauke da sinadarai ya kife a East Palestine ta jihar Ohio aka kwashe mutane, jihar da aka ɗauki fim ɗin littafin wanda ya fito a 2022.

Ɗan Anka:
Na ji Malam. To ai Bhopal ɗin ma ni take goyon baya, maganar da Jack ya yi da anka so mu yi ma dariya ita ce ta tabbata, talakawa sunka mutu. Ƙanwata ki rubuta abin da Malam ya ce ki ci jarabawarki, amma in da fili a takardar ki sa Bagega a ciki.