Waɗanda suka yi Maikurobayoloji na aji biyu, wace doka ce ta gaske?

Sabuwar 'yar aji biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan zangon na shiga aji biyu, kuma cikin kwasakwasan da aka ɗora mana akwai gabatarwar Maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Jiya malamin ya shigo karon farko, bai koyar da komai ba, dokoki kawai ya yi ta karanto mana: wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakca ba ba zai zauna jarrabawa ba, ba a shiga lab sai da farar riga da rufaffen takalmi, firatikal in ya wuce ka ya wuce, CA, wato gwaje-gwajen cikin zango, maki 30, jarrabawa 70. Wallahi jikina ya yi sanyi. Don Allah yayyena da suka wuce nan, wacce ake aiki da ita, wacce ce barazana kawai? Kuma a ina aka fi zubar da maki?

Ɗan aji huɗu:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ta lakca ta danganta da malami, wani yana ƙirgawa, wani takardar ma ɓata take yi a hannun kilas ref. Amma ta firatikal kada ki yi wasa da ita ko a hannun wa kika faɗa. Dalilin ba mugunta ba ce. Aikin a sarƙe yake. Yau za ku shuka ƙwayoyin a kan faranti, a sa a inkubeta a zafin digiri 37, gobe bayan awa 18 zuwa 24 ku dawo ku ga abin da ya tsiro, daga shi kuma za ku ɗebi abin da za ku rina a duba a maikuroskof. In ba ki zo ranar shuka ba, me za ki duba ranar girbi? Ba wanda zai sake dafa agar, wato abincin da ake shuka ƙwayoyin a kansa, saboda mutum ɗaya. Ni na tafi bikin yayana ranar Alhamis ɗaya tak, rifot biyu suka tafi tare da ita. Da kyar na tsira da C.

Maman Biyu:
Bari in yi maganar da ta shafe mu mata, don maza ba za su tuna ba. Mayafi da dogon hijabi. Ranar farko na shiga da hijabina har gwiwa na ɗora farar riga a sama, teknolojis ɗin ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in koma. Na ji haushi sosai, na ɗauka da addinina take faɗa. Ashe ita ma da ɗan ƙaramin hijabinta cuse a cikin riga, fushi ne ya hana ni gani. Sati biyu bayan nan na gane dalili, domin gefen gyalen wata a rukuninmu ya lashi wutar Bunsen, ɗan murhun gas ɗin da ake aiki da shi a lab. Wutar nan in an saita ta daidai shuɗiya ce, da rana ba kya ma ganinta sosai, ga kuma kwalbar sifirit mai kashi 70 da ake goge tebur da ita a kusa. Allah ya kiyaye, gefen kawai ya ƙone, amma warin ya kwana a hancina.

Ki nemi ƙaramin hijabi na auduga, ki ware shi na lab kawai, ki cusa shi cikin riga ki ɓalle maɓallai har sama. In kin dawo ki wanke shi daban da kayan gida, musamman in akwai yara. Farar rigar ma kada ki yi yawo da ita zuwa kafteriya don a san ke 'yar kimiyya ce. Mun yi wannan yarintar, yanzu in na tuna kunya nake ji.

Ɗan aji huɗu:
Anti, mu ma an kore mu da silifas. Da mai babbar riga ranar Juma'a.

Mai zuwa daga gida:
Ni ban yarda duk dokokin nan adalci ba ne. Ba a hostel nake ba, mota biyu nake hawa kafin in iso, an sa lakca ƙarfe takwas, malam ya ce in ya riga ka shiga kada ka shigo. Wannan na haƙura. Wanda ya ƙona min rai shi ne lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ranar gwajin CA. Na kai takardar asibitin unguwarmu, aka ce sai wadda asibitin makaranta ya buga wa hatimi, kuma wai na makara da kawowa. Ba wanda ya taɓa gaya mana haka. Na shiga jarrabawa da CA maki 9, na ɗauki kariyoba. Shawarata, ki je ofishin sashe tun yanzu da lafiyarki ki tambayi ƙa'idar rashin lafiya da kwana nawa ake bayarwa a kai takarda. Ki rubuta ki ajiye.

Tsohon teknolojis:
Ɗana mai zuwa daga gida, abin da ya same ka ba daɗi, kuma ka yi gaskiya, ya kamata a faɗi wannan ƙa'idar ranar farko tare da sauran. Allah ya sa haka ne mafi alheri.

'Yata mai tambaya, na daɗe ina tsayawa a kan ɗalibai a lab, kuma abin da na gani shi ne ba wahalar karatun ke kayar da su ba. Ƙananan abubuwa ne. Ga rinin Gram, wanda wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, har yau kuma da shi ake fara rarrabe bakteriya a asibiti. Matakai huɗu ne: crystal violet, sai aidin, sai a wanke da alkohol, sai safranin. Kowa ya haddace wannan. Amma a mataki na uku ake mutuwa. Daƙiƙoƙi kaɗan ake so. Ɗalibi zai tsaya yana hira alkohol na zuba, ya wanke launin gaba ɗaya, sai Staphylococcus aureus da ya kamata ta fito shunayya, a cure kamar nonon inabi, ta fito ja-ja. Ya rubuta Gram negatif, sunan masu fitowa ja-ja, da ƙarfin gwiwarsa, alhali ita fozitif ce. Wani kuma ya lafta ƙwayoyin da kauri a kan gilashi kamar yana shafa man shanu a burodi, ba abin da zai gani sai duhu.

Sai lakabi. A gindin faranti ake rubuta suna da kwanan wata, ba a murfi ba, domin murfi yana iya musanyuwa. A kife kuma ake ajiye shi a inkubeta, don kada raɓar da ke taruwa a murfi ta ɗiga ta haɗe abin da ya tsiro. Wayar shuka, wadda ake ɗibar ƙwayoyin da ita, in an ƙona ta ta yi ja, a bari ta huce kafin a taɓa ƙwayoyin, in ba haka ba kin soya su. Ruwan tabarau na maikuroskof mai lamba 100 ba a amfani da shi sai da ɗigon mai, kuma in an gama a goge da takardarsa ta musamman, ba da gefen riga ba. Duk wanda na kama ya ja ruwa da baki ta bututun awo, ranar ya gama lab.

Na ƙarshe, sunayen. Escherichia coli: harafin farko na kalmar farko babba, ta biyu duk ƙanana, in da hannu ake rubutu a ja layi ƙarƙashin kowace kalma. Na san malaman da ke cire rabin maki duk inda aka manta. A takarda ɗaya sunan zai iya fitowa sau goma. Ki yi lissafi.

Sabuwar 'yar aji biyu:
Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na kwafe wannan duka a bayan littafina.

Mai sayar da magani yanzu:
Nawa labarin na rifot ne. Aka ba mu aikin ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ruwa, kowane rukuni da nasa. Namu ruwan rijiya ne. Muka tsarma shi mataki-mataki, kashi ɗaya cikin goma kowane karo, muka shuka. Daren nan aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Da safe farantanmu wasu ba komai, ɗaya kuma ya cika maƙil ba ya ƙirguwa, alhali ƙa'ida ita ce a ɗauki farantin da ke da tsiro tsakanin 30 da 300. Sai dabara ta zo mana: muka ari rifot ɗin wani ɗan aji uku muka kwafe lambobinsa. Ashe rukuni huɗu ne suka ari rifot ɗin nan. Malama ta jera su a tebur ta ce ikon Allah, ruwan rijiya da na famfo da na leda da na kwata duk sun ba da lamba ɗaya. Sifili ta ba mu gaba ɗaya.

Abin da ya fi min ciwo, akwai wani shiru-shiru da ya rubuta gaskiya: an ɗauke wuta, zafin inkubeta ya sauka, farantinsa ɗaya ma fumfuna ta kama shi, ga abin da yake zaton ya jawo. Shi ya fi kowa maki. Malamar har ta ce ai fumfunar da ta faɗa farantin Alexander Fleming a 1928 ce ta haifar da penisilin, da ya ɓoye ta ya kwafi na maƙwabci da ba a san shi ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan da Faransanci ake yi, maki kuma bisa 20 ne, ana neman 10. Firatikal muna ce masa TP. Amma maganar guda ce, in ka yi fashin TP ba hujja ka shiga uku. Ni abin da ya ba ni wuya zane ne. Malaminmu ba ya karɓar zanen da aka kwafo daga littafi, sai abin da idonka ya gani, da fensir, ka rubuta girman da aka ƙara a ƙasa.

Malamar sakandare:
Kowa ya tafi lab, an bar jarrabawa mai maki 70. Ƙanwata, kada ki raina babin tarihi, maki ne na banza a zube. Leeuwenhoek ɗan Holan da ya fara ganin ƙananan halittun nan a shekarun 1670 da madubin da ya haɗa da hannunsa, Pasteur da kwalabensa masu lanƙwasasshen wuya da ya rusa zancen cewa rai na fitowa haka kawai daga romo, Koch da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882 da sharuɗɗansa huɗu. Kusan ba shekarar da ba a tambayi ɗaya daga ciki ba. Sai matakai huɗu na girman bakteriya, ki iya zana layin ki sa wa kowane gefe suna. Sai lambobin otokilef, na'urar da ke kashe ƙwayoyi a kayan aiki da tururi: digiri 121, minti 15. A lab ɗinmu da ya lalace tukunyar firesha ta girki aka koma amfani da ita, kuma ta yi aikin.

A shekararmu tambayar da ta kayar da mutane ita ce a kawo amfanin ƙananan halittu a abincin gida. Duk mun haddace cututtuka, kanmu ya tsaya a kan cewa ƙwaya cuta ce. Alhali nonon da muke dama fura da shi bakteriya ne ke tsamar da shi, daddawar miyarmu bakteriyar Bacillus ce ke ruɓar da kalwa har ta yi wannan ƙamshin, yis kuma shi ke tayar da ƙullin waina da fanke. Na fito daga ɗakin jarrabawa na tarar da mai fura a bakin get, kamar in yi kuka.

Mai zuwa daga gida:
Anti wannan tambayar ta sake fitowa a shekarar da na maimaita. A karo na biyu kam na cinye ta.

Sabuwar 'yar aji biyu:
Allah ya saka wa kowa da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Gobe zan biya ofishin sashe. Saura tambaya ɗaya: farar rigar nan in saya ta kasuwa ko in kai ɗinki? Kuma an ce mu sayi littafin firatikal na sashe, dole ne?

Maman Biyu:
Ki kai ɗinki, ki ce auduga, dogon hannu, ta sauko gwiwa, a ɗan sake ta saboda hijabin da za ki cusa. Ta kasuwa yawanci roba-roba ce, wuta na taɓa ta sai ta narke a jiki, ga zafi in watan Afrilu ya kama. Littafin kuwa ki saya sabo, don a wurare da yawa a cikinsa ake sa hannu bayan kowane firatikal, shi ne shaidar kin zo. Kada ki karɓi na wani da aka riga aka cike.