Gasar guje-guje ta farko a bana: kowa ya zo ya faɗi yadda ta kaya masa

Tsohon ɗan 400:
Salam jama'a. Jiya muka dawo daga gasarmu ta farko a bana, har yanzu muryata a dishe take saboda ihu. Tun Nuwamba yaran nan ke fitowa ƙarfe shida na safe cikin hunturun Jos, hannu ya ƙage, leɓe ya tsattsage, mu hau tudu mu sauko ta wajen Shere, ba agogo ba 'yan kallo, kuma wallahi duk watannin nan koci hasashe kawai yake yi, sai ranar da bindigar fara gudu ta tashi yake sanin abin da ya shuka. Na tsufa a harkar nan amma daren gasar farko ba na runtsawa. Ku fa, yaya taku?

Ɗan ɗari na Bukuru:
Koci ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni bara na riga malam masallaci. Na durƙusa a bulok, matokarin ƙafa na fara gudu, ƙafa na rawa, ina jin bugun zuciyata har cikin kunne, wani a layin gefena ya ɗan yi tari kawai sai na ganni na fita ni kaɗai. Jan kati. Tun 2010 dokar ta zama ka fita kafin bindiga sau ɗaya tak an kore ka, ba gargaɗi. Tirenin wata uku, gudun taku huɗu. Bana kam na zauna daram sai da na ji ƙarar, na zo na uku kuma na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka.

'Yar dogon zango:
Hhhh sannu ƙanina. Ni abin da ba na mantawa shi ne ranar da na fara sauka Abuja gudun mita 5,000. Mu da muka saba a sama, Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, ko Pankshin inda muke zuwa sansanin tirenin, sai na ji numfashi na shiga kamar an buɗe min taga, zagaye huɗun farko ina cewa yau kam ba mai kama ni. Ashe zafi na laɓe yana jirana. Zagaye sha biyu da rabi ne, a na tara harshena ya bushe ƙamas, ƙafa ta yi nauyi kamar turmi, kocinmu na bakin layi yana ta "riƙe, riƙe!" ni ko gani na yake biyu-biyu. Amma shiga filin Moshood Abiola kaɗai, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, ka taka jan tirak ɗin nan mai laushi bayan ka gama cin ƙura a filin makaranta, tsigar jiki sai ta tashi. Na gama dai, kuma lokacin ya fi duk wanda na taɓa yi.

Mai agogo:
Ni alƙalin lokaci ne, bari in ɗan zuba muku ruwan sanyi. Duk farkon kaka sai yaro ya zo yana tsalle wai ya yi sakan 10.4 a mita 100, in tambaye shi da wane agogo, ya ce na hannu. To ƙara kusan 0.24 kafin ka kwatanta da na lantarki. Sannan iska, in ta wuce mita 2.0 a sakan ta bayanka, lokacin ba ya shiga kundi. Ko Tobi Amusan a gudun tsallake shinge na mita 100 a gasar duniya a Amurka a 2022, 12.12 ɗin da ta yi a zagayen kusa da ƙarshe shi ne tarihin duniya, 12.06 na ƙarshe iska ta yi yawa. Balle iskar Jos ta Janairu.

Ɗan ɗari na Bukuru:
Baba mai agogo ka bar mu mu ji daɗinmu na kwana ɗaya mana.

Antin yara:
Ni 'yan sakandare nake koyarwa. Gudun miƙa sanda shi ke tsayar min da zuciya, mita 30 ce kawai wurin karɓa, kuma a gasar farko ba wadda ta gama sanin takun 'yar'uwarta. Satin jiya ta ukunmu ta fita da wuri, mai kawowa na binta tana kiran sunanta, sanda ta faɗi, ta koma ta ɗauka tana kuka tana gudu, mu kuma muna ihu kamar mu ne a gaba. Biyu cikinsu takalmin ƙusa ɗaya suke karɓa-karɓa, ɗaya na cirewa ɗaya na sawa da ɗuminsa.

Mai jifan dalma:
Mu 'yan jifa ba wanda ke kallonmu, muna can lungu. Amma na ƙara santimita 40, na kira mamata a take.

Tsohon ɗan 400:
Allah ya ƙara, ɗana, gasa mai zuwa ni da kaina zan zo lungun naku. Anti, ki turo min lambar ƙafar yaran, akwai tsofaffin takalma biyu a but ɗin motata, ƙusoshin ne kawai sai an canja.