Wa ya taɓa kai yaro mai buƙata ta musamman makarantar unguwa?

Assalamu alaikum. Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla mutum ɗaya da aka horar don kula da su. Ɗana kurma ne, baɗi zai isa shiga aji ɗaya, ni kuma hankalina bai kwanta da kai shi makarantar kwana ba. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini yadda ta kaya.

Wata uwa daga Kano: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Tawa shan inna ya taɓa mata ƙafafu. Hedimasta ya karɓe ta hannu bibbiyu, ban ga laifinsa ba. Banɗaki ne ya gagare mu. Ƙofar ba ta cin keken guragu, sai dai ta sauka ta ja jiki a jiƙaƙƙen ƙasa. Yarinyar nan ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ta. An ce wa'adin shekara 5 na gyaran gine-ginen gwamnati ya cika a 2024, amma mu iyaye ne muka yi karo-karo, birkila ya faɗaɗa ƙofar ya yi mata gangara.

Malamin firamare: Hajiya, gaskiya ɗaya ce. Akwai kurma a ajina, ni kuwa ban iya maganar hannu ba. Gaba nake zaunar da ita tana kallon bakina, tana kwafar allo da rubutu mai kyau, amma ko ta gane Allah kaɗai ya sani. Abin yana damuna ƙwarai. Kafin ki yi rajista ki tambaya wa zai koyar da shi, ki ce a nuna miki malamin ido da ido.

Wani makaho da ya gama jami'a: Ni a makarantar makafi ta Gindiri, Jihar Filato, na koyi rubutun makafi, sannan na shiga sakandare da masu gani, aboki yana karanta mini ina bugawa. Da ban samu tushen nan ba, da zaman ɗumama benci zan yi. Shawarata, Hajiya, ki fara kai shi inda zai ƙware a maganar hannu, kamar makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki idan kuna Kano, ke ma ki koya tare da shi. Cuɗanya da sauran yara ta biyo baya.